Inna, Sun Tuɓe wa Markenki Riga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Ni ce autarki Hajo, da kika bari da haƙora cike da baki. Yanzu saura na cin tuwo kawai.

Inna, ƙara na kawo miki. Markenki na bakin gonarmu ta Kwaya, sun tuɓe shi tsirara.

Kin tuna in yaro ya kwana da tari, ko miki ya ƙi warkewa, yadda kike zuwa da ɗan gizagonki? Ki sassaƙi ɓawonsa faɗin tafin hannu, gefe guda, ki kwaɓa laka da kashin shanu ki shafe wurin. Kina cewa, "Wanda ya ba ka rigarsa, kada ka bar shi da sanyi."

To, ina da jika, Laminu, angona na wasa, mai kai kamar tulu. Yana jami'a. Ya zo hutu ya ɗebi sassaƙen, ni na shafe masa wurin, don hannun ɗan lakwal, ɗan boko, bai san laka ba. Da ya dawo, sai ya zauna majalisa yana bayani, wai a jami'a sun tatsi ruwan ɓawon sun ɗiga a faranti, ƙwayoyin cuta suka ja da baya. Ya ce faranti ne fa, ba cikin mutum ba, da sauran bincike. Wani ya ɗauki muryar a waya. Farkon maganar ya zaga duniya, ƙarshenta ya kwana a majalisa.

Sai ga mutane kan moto, babura kenan, da buhuna, har da masu furfura. Suka bi icen da gatari ta ko'ina. Ba wanda ya ɗauko ko dunƙulen laka. Tir! Akuya ma in ta ci ɓawo, yunwa ce ta sa ta. Ranar kasuwar Sassumbrum na ga rigar icenki a ƙulle cikin leda, wani ƙato da lasifika yana rantsuwa tana maganin cuta duka, har da rashin miji. Na tofar da yawu na wuce.

Amma ji wannan, Innata. Gefen da kika riƙa sassaƙa kina shafewa, ɓawon ya warke da ƙululu da tabo, mummuna kamar gwiwata. Suka raina shi, suka bar shi. Ta wannan siririn zirin kaɗai icen yake shan ruwa yanzu. Na lulluɓe sauran jikin da laka iyakar inda hannuna ya kai. Kullum a gindinsa nake wuni da taɓarya. Angon ma na aika masa: in bai zo ya kwaɓa laka ba, na sake shi.

In ya fid da ganye da damina, tabonki ne ya cece shi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki inuwar da ba mai sa wa gatari. Amin.

Taki,
Hajo mai taɓarya