Rantsuwar da Na Yi a Wasan Kura

Alhamis, 11 ga Satumba, 2025

Na dawo Gwandu daga bitar malamai a Birnin Kebbi. Idan shugabar makaranta ta tambaye ni abin da na koyo, ban san me zan ce ba. Abin da ya zauna min a kai shi ne wasan da wata malama 'yar Zuru ta koya mana lokacin hutun rana.

Ana naɗe 'yan takardu kowa ya ɗauka, ba ya nuna wa kowa. Biyu an rubuta kura, saura 'yan gari. Mai shela ta ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, kuraye su buɗe nasu su nuna wanda za su cinye. Ta ce gari ya waye, a faɗi wanda aka cinye, sai a hau musu: wace ce kura a cikinmu? Wadda aka fi zargi a kore ta. Haka har a kama kurayen ko su ƙarar da gari.

Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Ni Rahmatu, malamar addini, mai 'ya'ya a sakandare. Rabona da irin wannan dariya tun kafin ƙawayena su watse Sakkwato da Abuja.

Asabar, 13 ga Satumba

Na yi wa maigidana, Baban Mufida, bayanin wasan yana gyaran injin feshi. Ya saurara har ƙarshe, dama shi Lawali ba ya katse mutum, sannan ya ce, "To in an kama kurar, mi ake samu?" Na ce ba komai. Ya ce to.

Wasan ba ya yiwuwa sai da mutum bakwai ko takwas. Gidan nan mu biyu ne tun da yara suka koma makarantar kwana.

Talata, 16 ga Satumba

Da na yi shiru.

Na kawo maganar a ofishin malamai. Malama Kubura ta ajiye jan bironta ta ce, "Wato a zauna a yi ta shirga wa juna ƙarya, wadda ta fi iyawa ita ta ci? Kuma ke za ki koya mana?" Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ji ta har tafin ƙafata. Na ce ai labari kawai nake ba su.

Da yamma kuma, don rashin hankali, na rubuta a guruf ɗin malamai mata cewa mai sha'awa ta yi min magana. Duk sun gani. Mutum ɗaya ta amsa, ita ma tallar atamfa ta turo. Na goge nawa.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na tsinci kaina ina ƙirga matan unguwa a zuci, wa za ta iya zama kura. Allah Ya shirye ni.

Laraba, 24 ga Satumba

An yi suna a gidan su Jidda. Tsohuwar ɗalibata ce, yanzu tana jami'a a Kalgo. Ita ce yarinyar da ke ɗaukar min jaka tun tana aji ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo min kunu da kanta.

Na ce mata wata ƙawata ce ke tambaya ko 'yan jami'a sun san wani wasa na rufe ido. Ta ce, "Kura? Ai duk Asabar bayan Azahar muna yi, a gidan gwaggon Ruƙayyatu, 'yar ajinmu. Mata zalla." Ta ɗan dube ni, ta sunkuyar da kai. "Malama, ki ce wa ƙawar taki ta zo. Kullum mutum ɗaya muke nema."

Ta gane. Na san ta gane.

Asabar, 27 ga Satumba

Na je. Na ce wa Baban Mufida zan duba Jidda a Kalgo, wanda ba ƙarya ba ne, amma ba gaskiyar duka ba ce. Mota zuwa Birnin Kebbi, daga can keke mai ƙafa uku zuwa Kalgo. Duk hanya ina jin kamar an rubuta a goshina abin da ya fito da ni.

Ina shiga tsakar gida suka miƙe tsaye. Wata ta cire abin kunne na waya, wata ta jawo gyale. Suka kawo min kujera su suna tabarma. Na ce ni ma tabarma. Babbar cikinsu na girme ta da shekara goma sha wani abu.

Ruƙayyatu ce mai gida kuma mai doka. Siririya, ba ta yawan murmushi. Ta ce dokarsu ɗaya ce: ka faɗi duk ƙaryar da kake so a cikin wasa, kowa ya san wasa ne, amma ba a rantsuwa. Sunan Allah ba ya shiga. Na ce madalla, har na ƙara musu da ɗan bayani a kan girman rantsuwa. Ni da bakina.

Wasan kuwa... ba wadda ta zarge ni, ba kurar da ta cinye ni. Zagaye uku ina zaune kamar baƙuwar da aka kawo wa ruwa. In na yi magana sai su ce, "Haka ne, Malama." Na dawo gida da kunya iri biyu: ta zuwa, da ta cewa ban ma yi wasan ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yau Ruƙayyatu ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ku yi haƙuri, Malama ce kura. Duk sanda za ta yi ƙarya sai ta gyara hijabi." Kuma ni ce. Aka kore ni, tsakar gida ta ɗauki shewa. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, ban san wanne ya fi ba.

Sau biyu kuma aka kore ni, har da zagayen da nake 'yar gari. Jidda ce kaɗai ke kare ni kullum. Na zauna gefe ina cin gyaɗa ina kallonsu, ina cewa a raina sati mai zuwa sai na nuna wa yarinyar nan.

Mace mai shekaruna tana ƙullatar 'yar ashirin a kan takarda naɗaɗɗiya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na ɗauki kura. An kama 'yar'uwata kurar tun da wuri, saura ni. Na zauna a kan hannayena don kada su taɓa hijabi. Na yi ta lallaɓawa har muka rage mu uku: ni, Jidda, Ruƙayyatu. Duk wadda Jidda ta zaɓa ita za a kora, wasa ya ƙare.

Ruƙayyatu ta jero hujjojinta tsaf, duk gaskiya. Na ga Jidda ta fara juyowa wajena. Sai na ji kamar abin gaske ne, kamar in aka kore ni yau ba zan sake samun wuri a tabarmar nan ba. Na ji bakina ya ce, "Wallahi ba ni ba ce."

Ba suɓutar baki ba ce. Na san abin da nake faɗa. Na ma dubi Jidda a ido.

Ruƙayyatu ta ce, "An karya doka." Jidda ta ce, "An karya, amma Malama ta rantse. Ni na san ta tun ina yarinya, ba za ta kira sunan Allah a kan ƙarya ba. Ke ce." Aka kori Ruƙayyatu. Mai shela ta ce in buɗe takardata.

Ba wadda ta yi shewa. Ina jin akuyar gwaggo tana tauna ɓawon gyaɗa. Jidda ta kalli takardar, ba ta kalle ni ba, ta tashi ta ce za ta yi alwala. La'asar ba ta ma yi ba.

Na ce zan rasa mota. Ba wadda ta ce in tsaya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na ci wasa.

Talata, 14 ga Oktoba

Ba sai na tambayi kowa hukuncin ba, ni nake koyar da shi. Rantsuwa a kan ƙarya da gangan ba ta da kaffarar da za ka yi ka huta, sai tuba. Na yi, ina kan yi. Amma a aji yau 'yan mata na rubuta abin da nake faɗa kamar ba a taɓa samun kuskure a bakina ba, sai na ji alli ya yi min nauyi.

Na buɗe lambar Jidda na rufe ba adadi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Baban Mufida ya dawo daga gona ya tarar tuwo ya kama. Ya ce kwana biyu ba na nan. Sai na faɗa masa duka, har da abin da ke kai ni Kalgo.

Na zaci zai yi dariya ko faɗa. Ya wanke hannu ya ce, "Wanga wasa na san shi kike zuwa, tun ranar da kika dawo kina magana ke kaɗai a madafa." Ya ƙara da cewa, "Tsakaninki da Allah kin san hanya, kin fi ni sani. Yarinyar da ta tsaya miki fa, gaban ƙawayenta?"

Na ce in na daina zuwa ai shi ke nan. Ya ce shi ke nan gare ni, ban da yarinyar.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ban je ba. Na wanke labulen da ba su yi datti ba. Wayata ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na je, ba don wasa ba. Na tsaya a bakin tabarma ban zauna ba. Na ce na rantse da Allah a kan ƙarya da sanina, don kawai kada yara su kore ni a wasa. Na ce Ruƙayyatu ta yafe min. Na ce Jidda ta yafe min.

Ruƙayyatu ta ce ta yafe, amma doka doka ce: wadda ta rantse ba ta ɗaukar takarda a zama na gaba, sai dai ta yi shela. Ba ta sassauta murya don ni ba. Na gode mata a raina.

Jidda ta raka ni bakin titi bayan an tashi. Da muka yi nisa ta ce, "Ba faɗuwar ba ce ta dame ni, Malama. Tun kafin ki fara zuwa nake ba su labarinki." Na ce na sani. Ta ce, "Yanzu in kika yi magana sai na auna, kamar ta kowa." Ba da fushi ta faɗa ba. Da ta yi fushi da ya fi min sauƙi.

Ta miƙa hannu za ta karɓi jakata yadda ta saba, na ce ta bari.

Shela kuwa: kana tsaye ido buɗe kowa ya rufe nasa, kana ganin kurayen suna danne dariya. Yara ne kawai suna wasa. Abin da na sayar da rantsuwa a kansa ke nan.

Laraba, 29 ga Oktoba

Malama Kubura ta tambaye ni a hankali, ba a gaban mutane ba, wai wasan nan mutum nawa yake ci. Na ce ban shirya koya wa kowa ba tukuna.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na ɗauki 'yar gari. Jidda ta zauna kusa da ni, tana raɗa min wadda take zargi, tana cewa mu haɗa kai, Malama, mu biyu muka rage masu hankali. Na bi ta. Na taya ta korar mutum biyu. Na ma tsaya mata da Ruƙayyatu ta taso mata.

Ita ce kura. Ta ajiye ni har ƙarshe sannan ta cinye ni, ta buɗe takardarta ido cikin ido, ko ƙiftawa babu.

Na ce, "Jidda, ni?" Ta ce, "Ke fa, Malama." Suka kwashe da dariya, har Ruƙayyatu sai da ta kifa kai a gwiwa. Ba wadda ta ba ni haƙuri, ba wadda ta miƙe don na tashi.

Na yi ta jin haushi a mota har muka wuce Kambaza, can kuma dariya ta kufce min, matar da ke gefena ta matsa.

Har yanzu in na tuna ranar da na yi rantsuwar nan sai kunya ta rufe ni, kuma ina jin ba za ta sake ni ba. Ban ce na zama 'yar wasa ba. Na dai ce wa direba ya ajiye min wurin taga ranar Asabar.