Rigar Afnan Mai Bayola

Litinin, 16 ga Satumba 2024

Yau arziki ya shigo shagona da ƙafarsa. Anti Jemimah ce, nos ɗin nan 'yar Jos, tazo da wandon maigidanta in rage. Tace Oga Rilwanu kana da labarin lanchon? Nace wanne. Wai matan masu kuɗin garin Turawan nan duk shekara suna haɗuwa suci abincin rana a wani kulob a Sedgefield, kowa ta sayi kujera, ana cin abinci ana nuna kaya, fashon sho kenan. Abunda aka tara shi ake sayan kayan kiɗa dashi a biya malaman okestira su dinga zuwa makarantu koya ma yara. Cikin tsarin ne aka ara ma Afnan ɗina bayolan, gogen Turawan nan, da take ta fama dashi shekara uku.

Anti tana cikin kwamiti. Tace suna son kayan Afirka kala uku bana. Nace Anti uku kawai? Ni da na ɗinka ma rabin Fagge kayan sallah a sati ɗaya. Tayi dariya tace uku dai Oga, kar ka cika mana waje.

Tana fita tace au, Afnan ma zata kaɗa ranar, ita da wasu yara uku. Ashe. Ba wanda ya gayamin a gida.

To kala huɗu zanyi.

Alhamis, 19 ga Satumba

Matan ukun da zasu sa kayan sunzo awo. Ɗaya Misis Lucia, tsohuwa doguwa, tana shigowa ta ware hannu kaman zata tashi sama tana jiran tef. Nace madam sauke, ni bana ɗora ma mace tef. Ki taka zuwa ƙofa ki dawo, shikenan. Shekara ashirin da biyu haka nake, idona shine tef ɗina, ban taɓa kuskuren inci ba. Ta taka ta dawo tana tambayar Anti wai da gaske yake? Anti tace da gaske yake, surutu ne dai yayi mishi yawa.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na faɗa a gida muna cin tuwo. Nace 'yar Baba, ranar lanchon sai Turawa sun manta da cokali a baki in suka ga rigarki. Ta amsa da turancinta kaman kullum, wai ita baƙar riga zata sa irin ta sauran, Mama ta riga ta saya mata a mol. Nace 'yar tela da rigar mol, so kike a daina gaisheni a masallaci.

Sai tace Baba ka taɓa ganin ina kaɗawa?

Nace gani kuma, ai ji nake kullum ta bango, kaman an take ma mage jela. Nayi dariya. Ni kaɗai nayi.

Ta ɗau kwanonta ta wuce ciki. Uwarta Sa'adiya tace Baban Afnan, bara da sukayi wasa a makaranta kana ina? Nace shago mana, ɗinkin sallah. Tace bara waccan fa. Nace ke lauya ce.

Wasa nake. Kowa yasan wasa nake.

Juma'a, 27 ga Satumba

Ruwa tun safe, ba kastoma. Na yanka ta Afnan a ɓoye. Baƙar shadda mai maiƙo, tunda baƙi suke so na basu baƙi. Hannu mai faɗi har gwiwa. Aikin zare ruwan gwal daga wuya ya sauka kafaɗa biyu, sannan duwatsu masu ƙyalli a jere. Ko amarya albarka. In ta gani da kanta zata maida ta mol ɗin.

Laraba, 2 ga Oktoba

Kala ukun sun kusa. Wallahi hannuna baya tsufa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara ba.

Na ba Afnan rigar bayan la'asar. Ta sa don uwarta ta matsa mata. Ta fito falo, kai. Ta zauna mata ɗas, tsawo, ƙugu, komai. Har ita saida ta tsaya a madubi ta ɗan juya. Nace to ina masu cewa a kawo tef.

Sa'adiya tace ɗauko bayolan muga.

Ta ɗauko ta ɗora a kafaɗar hagu ta kwantar da haɓa. Abun yaƙi zama, duwatsun suna ƙwanƙwasa katakon. Ta ɗaga hannun dama da sandar gogawan, hammata ta riƙe. Ta ja ɗaya, hannun rigan ya zubo ya rufe wayoyin. Ga shaddar kuma duk motsi sai tayi ƙara, har tafi kiɗan. Da ta sauke sai ga ƙarzanen dutse a jikin katakon, ɗan siriri kaman farce ya ja. Kayan aro.

Batayi kuka ba. Gara ace tayi. Ta shiga ta cire ta ninke da kyau ta kawo ta ajiye a gabana. Da hausa ta faɗa, hausarta mai karyewan nan, tace Baba ka ɗinka ma wadda zata tsaya ne kawai.



Litinin, 7 ga Oktoba

Laifin shadda ne. Shaddar yanzu sitati yayi mata yawa.

Talata, 8 ga Oktoba

Naje makarantarsu ƙarfe huɗu in ba malamin haƙuri akan ƙarzanen, kar a karɓe ma yarinya abu sabida ni. Mista Desmond sunansa, baƙar fata ne ɗan nan, ƙato, hannu kaman faranti. Na shirya jawabi tun a mota. Ya duba wajen ya shafa da yatsa yayi dariya, wai wannan bayolan yara shida suka riƙe kafin Afnan, kowa ya bar nashi tabon. Ya nuna min wani a baya yace wannan faɗowa daga bos ne.

Nace to zan koma shago. Yace tunda kazo ga kujera.

Afnan ta kalleni, irin kallon Baba don Allah kar kayi magana. Na zauna can lungu na ciro takarda da fensir, nace ma kaina awo nazo.

Abunda na gani, in rubuta kar in manta. Kafaɗar hagu ba tata bace, ta bayola ce, ba a sa komai a wajen. Gwiwar hannun dama tana hawa har kusan kunne ta sauko ta miƙe gaba ɗaya. Bayanta yana buɗewa yana rufewa. Ɗankwalinta ta dama take soke shi, ashe da dalili, ni na zata yayi ne. Akwai wani ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin muƙamuƙinta inda katakon ke zama. Yatsun hagu duk kanta a kai, irin tawa ta almakashi. Yarinya a gidana, shekara uku, ban taɓa lura ba. Ni mai ido.

Akwai wani waje da suka ja a hankali su huɗun, na duba takardata naga ban rubuta komai ba kusan minti goma. Ɗakin ne da zafi.

 A mota na kunna labarai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na farke rigar. Aikin kwana biyu, reza ta cinye shi a awa ɗaya. Surajo mai tasi ya shigo shan shayi ya ganni ina tsince duwatsu cikin gwangwani, yace Sarkin Teloli yau kuma farka ake, ina idon? Nace ido na nan, sabon salo ne daga Dubai, kai me ka sani banda fakin. Yace in Dubai ne me ya kumbura maka fuska.

Na fasa shaddar gaba ɗaya. Na sayo wani baƙin yadi mai laushi wanda baya magana. Hannu siriri ya tsaya a wuyan hannu. A hammata na sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu irin wanda tsohon maigidana da ya koya min ɗinki yake sa ma taguwar manoma don su ɗaga fartanya. Ban taɓa sa ma rigar mace ba. Wuya da kafaɗa fili, ko zare ɗaya. Aikin gwal ɗin na maida shi can ƙasa a kalmasa, siriri, sai ta taka za'a gani.

Riga ba hayaniya. In ba'a faɗa ba ba wanda zai ce ni nayi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na ƙwanƙwasa ɗakinta da tef a hannu. Nace ɗaga hannun kaman kina kaɗawa. Ta kalli tef ɗin ta kalleni tace Baba, tef? Nace na Mamanki ne, gwada shi nake inga ko yana da kyau. Ta ɗan murmusa ta ɗaga. Inci ɗaya da rabi na ƙara a baya.

Ba wai idona ya gaza bane. Mutum mai motsi daban.

Laraba, 16 ga Oktoba

Jiya da dare na gama na goge na rataye mata a ƙofa. Da safe naga ta shigar. Ta mol ɗin ma tana nan a rataye, na hango da ta buɗe. Ban tambaya ba. Na tambayi Sa'adiya, tace ni 'yar aikenka ce? Ka jira Asabar kaman kowa.

In ta sa ta mol ba komai. Riga ce dai.

Ba komai ɗin.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na riga su tafiya sabida matan ukun, su Afnan sai daga baya. Waje ne na gani na faɗa, ciyawa kaman an aske da reza, fulawa a kowane tebur. Abincin kuwa ganye ne da kaza mai sanyi yanka uku, da wani ɗan biredi da zan iya rufewa da babban yatsa. Wannan suka saya da tsada. Allah ya basu lada dai, don yara akeyi. Na cika aljihun babbar rigata da katin shago, sabbi fil.

Kayana suka fito na biyar. Tafi har da masu tashi tsaye. Misis Lucia ta ɗan take bakin zaninta a juyawa, takalminta ne, ba da shi tazo awo ba. Ta dawo bayan labule tana haki tace bata taɓa jin kanta sarauniya ba sai yau. Nace madam kaɗan kika gani. Akayi gwanjon kayan a take, Anti Jemimah tazo tana rawa da kafaɗa wai nawa ukun sun sayi bayola biyu da rabi. Nace rabin ku ajiye min.

Ina durƙushe ina cire ma wata fil a kalmasa naji an ja waya ɗaya, doguwa, su Afnan sun fito. Na fito da fil uku a baki na tsaya jikin bango wajen masu raba ruwa.

Tawa ta sa.

Ta zauna ta ɗora abun a kafaɗa ya zauna. Ta ɗaga hannu ya tafi har sama ba abunda ya riƙe. Ina ta kallon hammatar nan kaman raina ne a wajen, har na manta na daina kallonta na koma kallon fuskarta. Idonta a rufe. Matan nan duk sun ajiye cokali, kuma ba don riga ba. Ba wadda ta kalli rigar. Ko ɗaya.

Da aka gama wata tsohuwa kusa dani taga ina goge fuska, fil ɗin ne ya sokeni a leɓe, tace 'yarka ce a ciki? Nace ta biyu daga hagu. Tace ka iya haihuwa, ko wani abu mai kama da haka, turancinsu na nan sai a hankali. Saida muka iso gida na cire riga naji katunan a aljihu, ko ɗaya ban bayar ba. Asara.

Afnan a wajen fakin tace Baba hannun yana da daɗi. Shikenan abunda tace. Nace ai na sani.

Talata, 22 ga Oktoba

Na rufe shago ƙarfe huɗu saura. Talata dama ba kasuwa. Naje makarantar in tambayi Mista Desmond ko sauran yaran na son irin rigar, harka ce. Ban samu na tambaya ba, suna tsakiyar aiki, sai na zauna.

A hanyar dawowa ta haɗa wayarta da motar ta sa kiɗan da aka ɗauka ranar Asabar. Tace wai bayola a tsakiya take, ba itace mai sama ba ba itace mai ƙasa ba, yawancin mutane basa jinta. Tace nemo ni. Na farko na nuna tace a'a wannan na wata ce. Ta maido. Na biyu ma a'a. Muka tsaya a danja ta maido na uku.

Na jita. Can ƙasa-ƙasa, tana riƙe da sauran.

Bana so ta kashe. Na wuce kwanar gidanmu na zaga ta baya.