Kumbon da Ba a Magana a Cikinsa

Zuwa ga Kyaftin ɗina, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, mijina abin tinƙahona!

Sallama nake yi maka daga bayan ƙofa, tunda ka hana a buɗe mini. Ina zaune a kan bencin ƙarfen nan na barandar asibiti, mai ƙafa ɗaya gajera, takarda a kan cinyata, ina jiyo tarinka ta bango. Wallahi ko maza ɗari ne a ɗakin nan zan ware naka! Nas mai tabarau ta faɗa mini, tana ta sunkuyar da kai, cewa da ta ambace ni sai ka girgiza kai, ka rubuta mata da hannun hagu wai in koma gidanmu in huta. Ni, Kyaftin? Ni Akunka, wadda ka ce ko ita kaɗai aka bari a daji sai ta sami itacen da za ta ba labari? To ka hana ni shiga, amma ba ka hana ni biro ba.

Tun ranar da ka faɗi a wurin aiki, kana durƙushe bayan firijin mutane da sukundireba a hannu, ɓarinka na dama ya shanye, harshenka ya yi nauyi, ban san inda zan sa kaina ba. Gidan ya yi mini faɗi. Keken ɗinkina ya yi shiru, atamfofin mutane sun taru a kusurwa suna hararata. Kujerarka tana nan a gefen tebur inda ka bar ta, a ɗan karkace, kuma na kasa gyara ta. Ya zan yi da safiyar da ba ka cikinta? Wa zan yi wa mitar cewa ya sake barin safa a ƙarƙashin gado?

Ka tuna farkon aurenmu, ranar da ka shigo da kwalin nan kana rungume da shi kamar jariri? Ka share tebur, ka shimfiɗa allo mai zanen taurari, ka jera katuna, ka ɗauko wata 'yar roba ka ce wai kumbo ne. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ƙato da gemunsa, yana tura roba yana ƙarar inji da baki! Ka bar ni na gama, sannan ka ce wannan wasa ba a cin juna a cikinsa: ko mu isa tare, ko kumbo ya tarwatse da mu duka. Ka ce kuma ba a gama shi a zama ɗaya, labari ne mai babi-babi, inda aka tsaya yau nan za a tashi gobe, abin da aka manna wa allo ya mannu, katin da aka yaga ya yagu har abada. Na zauna ne don kada ka ji haushi. Kafin damina ta fita ni ce ke tsare ka a bakin ƙofa, ko takalmi ba ka cire ba, ina cewa a buɗe babi na gaba.

Akwai wata la'asar da ba na mantawa, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Iska ta kusa ƙarewa a kumbonmu, dokar babin kuma ta ce za mu ci nasara in mutum ɗaya ya rufe kansa a ɗakin inji, a yaga katinsa. Ko shawara ba ka yi da ni ba, ka tura ɗan mutum-mutuminka ciki ka ja ƙofa, ka ɗauki katin Kyaftin za ka yaga. Na fizge shi na cusa a aljihu. Ka bi ni muna zagaya tebur, kana karanto mini doka, ina ce maka doka ta ci kanta! Muka faɗi babin nan, kumbo ya yi raga-raga, ka ce duk sararin sama babu injiniya mai taurin kai irina. Katin yana wurina har yau, gefensa ya yi laushi saboda riƙo.

Na san abin da ya ɓata maka rai a makon jiya, hasken gidana. Na kawo tsohon wasanmu asibiti ina murna, na shimfiɗa shi a kan teburin cin abincinka. Ka miƙa hagu ka ɗauki 'yar robar kumbon, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Na yi wuf na ɗauko, na ajiye ta inda na san za ka ajiye. Ka buɗe baki kana kokawa da kalma ɗaya, tana hawa tana sauka a maƙogwaronka, ni kuwa na ƙarasa maka ita, har na ƙara da biyu. A gaban idonka na buga wasana na buga naka, ina ta surutu, ina ganin taimako nake yi. Da na ɗago sai na ga ka juya fuska bango. Washegari ƙofa ta rufu.

Shi ya sa jiya na hau benen nan, kantin wasanni da ke kusa da mai gyaran takalmi, inda ka saba shiga ka daɗe ka fito hannu wofi. Kai ne gwanin kwatantawa! Sai ka yi wata da watanni kana kallon bidiyo a waya, kana auna wannan da wancan, ni ina ce maka ko gida za ka saya ai ka isa yanke shawara. Sai ga shi ni ce a tsaye gaban kanta, kwalaye sun kai rufi, kowanne da taurarinsa da dodanninsa, ban san gabas ba ban san yamma ba. Sau nawa na waiwaya zan tambaye ka? Mai kanti, wani siriri mai biro a bayan kunne, ya ji tausayina ya sauko mini da guda uku, ya buɗe na gwaji a kan kanta.

Na farko shi ne wanda ka daɗe kana mafarki, mai zanen jar duniya da rundunar mutum-mutumi. Kai, kyau kamar a lashe! Tafiyarsa doguwa ce, sai a shekara ana bugawa ba a ga ƙarshe ba. Zuciyata ta ce in ɗauka in ruga. Sai na maida hannun damana baya na riƙe ɗamara, na gwada ɗaukar sojojin da hagu. Ba su kai maɓallin riga ba, Kyaftin. Ni da yatsuna suka saba da allura, sai da na zubar da uku, mai kanti yana rarrafe yana tsincewa. Na tuna ƙarƙashin gadonka, na mayar da murfin.

Na biyu mai agogon yashi ne. Gobara ta tashi a tashar sama, kowa sai ya yi ta ihu yana faɗa wa ɗan'uwansa abin da ke hannunsa kafin yashi ya tsiyaye. Ai wannan don ni aka yi shi, da bakin nan nawa sai in kashe gobarar duniya! Amma kai fa? Yashin zai ƙare kana kan harafin farko, ina kallonka, kana kallona. Mai kanti ya ɗauka zai burge ni, ya ce wani abin daɗin ma, mutum ɗaya na iya buga shi shi kaɗai. Ban san lokacin da na ture kwalin ba. Bawan Allah ya tsaya yana kallon hawayena bai san laifin da ya yi ba.

Na uku ba shi da wani kyau. Kwali ne mai ruwan toka, ƙura ta kwanta a kansa. 'Yan sama jannati biyu ne a kumbo ɗaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, na'urar maganarsu ta lalace, gida kuma da nisa. Katunan manya ne kamar tafin hannu, har da ɗan katako mai tsaga da ake jera su a tsaye, ba sai an riƙe ba. Na gwada da hagu, ko ɗaya bai faɗi ba. Babu agogo, babu gaggawa. Dokarsa biyu ce: ba a magana, kuma ba a taɓa katin abokin tafiya. Sai ka ajiye naka, in dube shi, in dube ka, in gane nufinka ko in kasa. Kuma ba ya buguwa da mutum ɗaya, ko ta wane hali. Mai kanti ya dube ni, ni da tun shigowata bakina bai huta ba, ya ce shi dai a ganinsa baiwar Allah ta sake tunani.

Na sake tunani har ƙafata ta yi tsami. Ban sani ba, Kyaftin, wallahi ban sani ba! Ko zai zame maka magani, ko kuwa za ka ce na je na nemo wasan marasa lafiya don in tuna maka abin da ka rasa? Da kai ne, da kallo ɗaya ka gane. Ni ɗinki na iya, in riga ta matse in buɗe ta, in ta yage in kama ta. Wannan yagewar kuwa ban san ta inda ake sa allura ba. Likita ya ce a yi haƙuri, yayarka ta ce in ba ka lokaci, kowa da abin da yake faɗa, kai kaɗai da nake son ji ka yi shiru. Ya mai daɗin zama, ya tauraron asubahina, me zan yi da lokaci in ba ka cikinsa?

Na sayi mai ruwan tokan. Mai kanti ya ce muddin ban cire ledar ba zan iya mayarwa. A nan kan bencin nan na sa haƙori na yage ta, yanzu ba shi da gidan komawa, kamar yadda ni ma ba ni da wani gida sai inda kake.

Ga alkawarina. In ka bari na shigo, zan zauna a ɗaya gefen tebur in kama bakina. In katinka ya faɗi zan bar shi a ƙasa har sai ka dube ni ka nuna. In kalma ta maƙale maka zan jira ta, ko za ta kai la'asar tana tafe. Zan yi kuskure, na sani, za mu faɗi babi bayan babi, za ka harare ni da idon nan naka mai kashe mini jiki. Ka harare ni ɗin, don Allah! Hararar ma kewarta nake yi.

Na gane abin da kake yi, mijina. Ka sake shiga ɗakin inji ka ja ƙofa, wai don ni in tsira. Wa ya ce maka ina son nasarar da babu kai? Ka duba cikin ambulan ɗin nan, tsohon katinka ne na Kyaftin, na mayar maka da abinka. In har ka ƙudura sai an yaga shi, ka sani kati ba ya yaguwa da hannu ɗaya, ni kuwa duk abin da ka nema a duniya zan ara maka hannuna, ban da wannan.

Ina nan a kan benci, kwali a cinyata. In nas ta fito ta girgiza kai, gobe ma nan za ta same ni.

Taka, yau da gobe da duk babin da ya rage mana,
Akunka, wadda ke koyon shiru.