Zirnako Ya Gano Hular Kakanka

Zuwa ga angona na nesa, wanda ba ya cefane sai aike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya ƙalau, kai da mai ɗakinka da 'yar jaririyarku. Allah ya raya ta, ya sa kunnuwanta kada su biyo naka. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafata ta yi sauƙi, har ina zuwa bakin titi da kaina. Gwaggonka tana nan tana fama da aikin asibiti, kakanka kuma yana nan yadda ka san shi, gwiwa ta ƙi, baki bai ƙi ba.

Saƙonka ya iso, wato ɗan jirgin nan marar matuƙi mai farfela huɗu. Ni Zirnako nake ce masa, don kukansa ke nan. Ka san dalilin da ya sa na kai maka ƙara tun farko. Ɗakinmu yana yoyo daidai kan gado, har na gaji da jera robobi, kuma tsohon nan ya rantse ba zai kira kafinta ba sai ya hau ya ga wurin da idonsa. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga tabarma, shi ne zai taka tsani mai hawa goma sha biyu. Da ka ce jirgin zai duba masa rufin yana zaune, sai ya ba mu kwana uku. Ya ce in abin wasan jikansa bai nuna masa komai ba, rana ta huɗu zai hau, kowa ya yi abin da zai yi. Ya ma jingina tsanin a bango inda zan riƙa ganinsa ina wanke-wanke.

Ranar farko da hantsi ya fito tsakar gida da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gwaggonka ta maƙala waya a jikin rimot, tana karanta masa abin da ke fitowa. Zirnako ya tashi lafiya, amma yana kaiwa saitin katanga sai hoton ya fara yayyagewa, wayar ta hau ƙara, jan rubutu ya fito. Gwaggonka ta ce wai wani abu yana shiga tsakanin rimot da jirgi, ba sa jin juna. Kakanka ya ce ƙarya ne, shi bai ga kowa a tsakani ba. Ya miƙe eriyoyi biyun da ke jikin rimot yana nuna jirgin da tsininsu kamar mai yi wa yaro faɗa, alhali a takardar da ta zo da jirgin cewa aka yi faɗinsu ne zai kalli jirgin. Zirnako dai ya yi ta layi kamar ya sha wani abu, ya juyo da kansa ya sauka cikin kwandon wankina.

Ni ina gefe, sai na lura da abu ɗaya. Rediyona yana kan taga, kuma duk lokacin da wayar ta yi ƙara, shi ma sai ya hau shuu-shuu. To shekara nawa rediyon nan yana yi mini haka? Ba ya yi sai mai waldan bayan katangarmu ya kunna injinsa. Da na faɗa, kakanka ya ce yaushe na zama injiniya. Na ce tun ranar da na auri wanda ba ya gyara komai. Gwaggonka ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, sannan ta ce maganata tana kan hanya.

Rana ta biyu muka jira har mai walda ya tafi cin abinci. Hoto ya fito tas, har muna ganin tankin ruwa. Sai kuma wani gargaɗin ya fito, wannan karon wai iska ta yi ƙarfi, a sauko da shi. Kakanka ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce ko ganye ba ya motsi, wayar ce matsoraciya. Ya ƙara tura shi sama. Angona, da idona na ga Zirnako ya karkace, iska tana jansa wajen wayoyin lantarki, yana kuka yana ja da baya kamar akuyar da ake kai wa kasuwa. Gwaggonka ta fizge rimot, ta sauko da shi ƙasa-ƙasa, ta lallaɓo da shi gida batir saura kaɗan. Tsohon ya miƙe. Ya je ya girgiza tsanin nan, yana gwada ƙarfinsa, ya ce saura kwana ɗaya. A nan ne wasa ya fita daga raina, don na san shi, in ya faɗa sai ya yi.

Abin da bai sani ba, tsakar gida rami ce. Katanga ta tare ko'ina, iska kuwa a sama take wucewa. Wanda bai taɓa shanya ba ina zai san wannan? Ni shekara arba'in ina bin zannuwana gidan maƙwabta. Na san iskar unguwar nan kamar yadda na san tarin kakanka: tana kwance da sassafe, ta farka da hantsi, da la'asar kuwa ba ta jin magana. Sai na ɗauko doguwar gorar da nake tokare igiyar shanya da ita, na ɗaura tsohon ɗankwalina a kai, muka ɗaure ta a jikin tanki ta zarce rufi. Na kafa doka: in ɗankwali ya miƙe, Zirnako ya zauna, in ya rataye, ya tashi. Na kuma leƙa wajen mai walda na roƙe shi ya jinkirta buɗe shago gobe. Ya ce don Baba ko rabin yini ne zai jira, shi ma ba ya son ganinsa a kan tsani.

Rana ta uku gari yana wayewa muka fito. Ɗankwali ya rataye kamar ya yi laifi, rediyo yana magana sumul. Gwaggonka ta gyara wa kakanka eriya, ya tashi jirgin da hannunsa, kuma in faɗi gaskiya, ya iya. Ya bi kwanon rufin layi-layi, mu uku mun haɗa kai a kan waya. Kwano lafiya, ƙusoshi lafiya. Da ya zo bakin indararo sai muka ga wani abu ya toshe shi, ganye ya taru a kai, ruwa ya kwanta a baya. Gwaggonka ta ce ya matso da shi. Ya ce ai an gani, a sauko. Na ce a matso.

Hularsa ce. Shuɗiyar nan mai aikin hannu, wadda ya shekara yana cewa ni na ɓatar a wajen wanki, har ya kai ƙarata wurin ƙanwarsa. Ashe bara da na je jinyar yayata ya saci jiki ya hau rufin, iska ta cire masa ita, ya sauko ya yi shiru ya ɗora mini. Na dube shi, ya dubi Zirnako, ya ce hula ai iri ɗaya ce da yawa a gari. Na ce haka ne, kuma duk a kan rufinmu suke taruwa.

Kafinta ya zo da azahar, cikin minti goma ya fitar da ita ya share indararo. An yi ruwa sau biyu tun daga nan, gadonmu a bushe. Tsanin kuwa na ce kafinta ya tafi da shi kyauta, kakanka yana tsaye bai hana ba. Yanzu kullum da safe sai ya leƙa ɗankwalina kafin ya taɓa rimot, har maƙwabta suna kiransa ya duba musu rufi, yana yi musu bayanin iska kamar shi ya gano. Na bar masa. Hular na wanke ta, ta koɗe ta shige, na rataye ta a ƙusar da ke saitin inda tsanin yake a da.

Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka shafa mini kan jaririya, ka gaida surukanka da kawunka in kun haɗu. Gwaggonka tana gaisuwa. Kakanka ma yana gaisuwa, ya ce in gaya maka jirgin yana da kyau amma yana da gulma. In kun yi waya, ka tambaye shi labarin hula, ka yi kamar ba ni na faɗa maka ba.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Kakarka, injiniyar gidan nan.