Ranar da Na Tsaya Gaban Likita da Sunanka

Zuwa ga ƙanena Dauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa a can inda muka baro ka. Ni ne yayanka Gimba, daga Potiskum. Ka san ban yi karatu ba. Malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa shi ke riƙe da alƙalami, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mini magana ko ta karkace. Ya tambaye ni inda za a aika, na ce ya bar wurin fari.

Shekara ta haura ashirin da rabuwarmu. Yanzu a garin nan ni ake tambaya labarin da. Wa ya haƙa rijiya kaza, wace damina fara ta cinye gero, ina iyakar gonar wane a Mamudo. In gardama ta yi tsanani sai a ce a kira Gimba. Ban taɓa ƙarawa ko ragewa ba, sai a labari ɗaya, naka.

Ka tuna Baturen shanun nan da muke kira Mai Lofe, wanda nake kama masa bijimai a kasuwa in zai duba su? Da ya sami hutu ya ce zai je farautar ɓauna a ƙasar Kamaru, daga nan ya hau duwatsun Mambila. Ya naɗa ni helima, wato shugaban 'yan dako, ya ce in zaɓo masa ƙarafa. Na bugi ƙirji a gaban jama'a na ce gidanmu kaɗai zai ba da mutum biyu.

Mutumin nan bai yi ganganci ba, gaskiya in faɗa. Ya ba kowa bargo da takalmi. Ya kawo ƙwayar kwinin mai ɗacin tsiya, ya ce a sha kullum. Ya ce ba mai shan ruwan rafi sai an tafasa. Sannan ya ce ba wanda zai ɗauki kayansa sai likita ya saurari ƙirjinsa, an yi masa lambar agana, an rataya masa alamar tagulla a wuya. Ni kuwa dariya na yi ta yi. Na ce mutanen da suka ci tuwon gero suka yi noma a zafin ranar Potiskum, wani ne zai sa musu roba a ƙirji ya faɗa musu ƙarfinsu?

Kai kuma tun kaka kake tari. Ba mai yawa ba, amma da asuba ina jinka ta bayan danga. Da ka ji zancen likita ka ce mini, “Yaya, ko in haƙura?” Zara matarka tana goye da Bukar a lokacin. Da na ce maka to, da yanzu kana zaune kusa da ni muna musu a kan farashin shanu. Na ce maka in ka janye, da wane ido zan kalli mutanen da na yi wa alkawari?

Da safe na shiga layi da sunana. Ba a tuɓe riga, ɗagawa ake yi. Likita ya saurara, mai lamba ya tsaga mini damtsen hagu. Bayan azahar na sa rigarka da hularka na koma ƙarshen layi. Tsawonmu ɗaya, zanen fuskarmu ɗaya, Baturen likitan kuwa ya ga fuskoki tun safe har ya gaji. Aka kira Dauda, na amsa. Da na zo gaban mai lamba na naɗe hannun dama. Na fito na rataya maka tagullar a bayan rumfa, ina jin kaina wai na fi Bature wayo.

Mota ta kai mu Yola, daga nan ƙafa. A fili ba ka gaza ba, har waƙa kake yi mana. Mai Lofe ya ji tarinka wata rana ya sa tafinta ya tambaya. Kafin ka buɗe baki na ce hayaƙin ɗanyen itace ne.

A ƙauyen da ke gindin dutse ya tara mu ya ce duk wanda jikinsa ba daidai ba ya zauna nan da sauran kaya, ba laifi ba ne, a sama sanyi ba ya wasa da ƙirji. Ka juyo ka dube ni, Dauda. Wannan kallon bai bar ni ba har yau. Na ce maka ɗan gidanmu ba ya zaman gadin kaya kamar tsohuwa. Ka sunkuya ka ɗauki akwatinka.

Ba mu san akwai ƙasa irin wannan ba. Gajimare yana yawo a ƙasa yana shiga cikin riga, ruwa ba ya ɗaukewa, bargo ba ya bushewa. Kwana biyu a sama ka daina waƙa. Rana ta uku na ga jini a bakin bargonka, ka naɗe wurin don kada in gani. Bature ya fito da duk maganin da ke akwatinsa, ya ba ka rigarsa ta sanyi, ya sa aka haɗa makara za a sauko da kai. Ba mu yi nisa ba, da hantsi, ka ce a ajiye ka. Ka ce, “Yaya, sanyin nan ba irin namu ba ne.” Na yi maka kalmar shahada ka amsa.

Da muka jera duwatsu a kan kabarinka, Mai Lofe ya cire hularsa ya buɗe littafinsa. Tafinta ya ce wai abin ya ɗaure masa kai, don likita ya rubuta cewa ƙirjin Dauda ba shi da aibi ko kaɗan. Ƙirjina yake yabo a kan kabarinka.

Da na dawo na ce iskokin dutse ne suka taɓa ka. Na faɗa wa Inna haka, ta rasu da shi. Na faɗa a kasuwa har ya zama labarin da ake roƙona in maimaita, ni kuma ina ƙara masa gishiri. Wanda ya ga tabo a damtsena biyu ya tambaya, sai in ce ta farko ce ba ta kama ba.

Abin da ya sa na tashe ka yau shi ne Bukar. Ya zama magidanci, yana aikin kuku wa wani Bature, kuma muryarka ce sak a bakinsa. Maigidan nasa zai hau waɗannan duwatsun, shi ma ya ce sai an ga likita. Bukar kuwa bai daɗe da tashi daga ciwon shawara ba, idonsa bai gama washewa ba. Ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, kai tsohon helima ne, ka san dabarun nan. Abokina zai tsaya mini, yaya za mu yi kada a gane?”

Na sa aka kira Zara. Na tuɓe riga a tsakar gida, tsoho da ni, na nuna musu hagu na ce wannan tawa ce, na nuna dama na ce wannan ta ubanka ce. Na faɗi komai, har maganar gadin kaya.

Zara ce ta yi magana. Ta ce, “Yaya, na sani tun ranar. Ni na wanke rigar. Jini a hannun riga, damtsen mijina kuwa ba tsaga.” Shekara ashirin da wani abu tana durƙusa mini, tana aiko mini da tuwo, tana jina ina ba da labarin iskoki. Ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Washegari Bukar ya je gaban likita da ƙafarsa da sunansa. Likita ya ce ba wannan karon ba. Maigidansa ya tafi da wani kuku. Yau kwana tara bai zo gaishe ni ba, in mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu. Ban ga laifinsa ba. Yana cikin gari, yana numfashi, ina hango ƙeyarsa. Ya ishe ni.

Ranar kasuwa mai zuwa malamin nan zai karanta wannan takarda a rumfar da na saba zama, inda na shuka ƙaryar. In sun daina kiran Gimba a kan iyakar gona, sun yi daidai.

Ka yafe mini, ƙanena. Ka tambaye ni ko ka haƙura, ka dube ni a gindin dutse, ni ne ban ji ba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ɗumama maka ƙasar nan mai sanyi. Allah Ya saka wa Zara da Aljanna, Ya ba Bukar lafiya da tsawon rai, ko da ba zai ƙara taka ƙofata ba. Amin.

Ban iya sa hannu ba, ga yatsana na dangwala, na dama.

Yayanka mai taurin kai,
Gimba