Sunan da Kika Kira a Kogon Langkawi

Ya sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan randa mai kashe ƙishin matafiyi, Ummukulthum matata!

Tun da muka dawo daga tsibirin Langkawi kike ajiye mini abinci ki juya baya, shi ya sa na koma ga alƙalami. Daga ɗakin karatu a unguwar Pantai Dalam nake rubuto miki. Littattafai na buɗe a gabana, amma ko layi ɗaya ban gane ba. Ina zan gane, alhali kunnena yana can cikin kogo?

Kin tuna safiyar? Mu biyu, Kanawan da iyakar saninsu da ruwa hango Tiga daga nesa, aka ɗaure mu cikin rigunan ceto kamar huhun goro. Kina riƙe da gefen hijabinki, kina jero duk addu'ar da kika sani, har da ta shiga kasuwa! Teku shuɗiya shar, duwatsu tsaye a tsakiyarta sun yafa bishiyoyi, shirwa na shawagi a kanmu. Can mai jirgin ruwan da muka hau ya kashe inji, ya yi mana alama mu sunkuya, muka sulale cikin bakin kogon. Duhu, sanyi, ruwa na ɗiga daga sama, ga warin jemagu. Ni kuwa, da burga irin ta maza, na miƙe tsaye in ɗauki bidiyo. Igiyar ruwa ɗaya ta taɓa jirgin, na yi tangal-tangal zan faɗa.

A nan ne fa, ya rabin raina! Duk zamanmu Malam kike ce mini, in na ɓata miki rai in koma bawan Allah. Na san tarbiyyar gidanku ce, mace ba ta kama sunan mijinta, ban kuma taɓa ƙorafi ba. Amma ranar kika damƙo rigata, kika ƙwala sunana cikakke, ba ki rage masa ko harafi ba! Kogon nan kuwa, da yake ba Bahaushe ba ne, bai san kara ba. Ya karɓa ya maimaita, ya sake maimaitawa, har jemagu suka tashi. Sauran fasinjoji dariya kawai suka yi, ba su san abin da suka halarta ba. Ni na zauna ƙirjina na bugawa, kuma wallahi ba tsoron ruwa ba ne, daɗi ne.

Yanzu kin kafe sai na goge bidiyon, wai kada ya faɗa hannun ƙanwata Juwairiyya, gobe dangi kaf su ji. Kin ce ba za ki sake haɗa ido da ni ba sai na goge. Haba gimbiyata! Wa ke samun zuma ya zubar? Kullum a cikin jirgin ƙasa nake saurarensa ina murmushi ni kaɗai, har mutane suna matsawa gefe.

To, na goge. Yanzun nan na goge. Na auna muryar cikin waya da kallon idonki, na ga ba zan iya kwana ɗaya kuma babu kallon ba. Sunan nan yanzu ba ya ko'ina sai bakinki.

Roƙona ɗaya ne. Da yamma zan biya shagon abincin nan na mamak in sayo miki gurasar roti da shayin da kike so. Ki rufe ƙofa, ki rufe taga, ki ƙure fanka yadda babu wanda zai ji a duk unguwarmu ta Danau Kota, sannan ki raɗa mini sunan sau ɗaya tak. In kin ƙi, to ki shirya hijabinki, domin Langkawi zan mayar da ke, kuma in sake miƙewa tsaye.

Naki ni kaɗai, a tudu da kan ruwa, muddin ina numfashi.

Sunan ba zan rubuta ba. Ina jiran ki faɗa.