Waƙar Radiya Da Na Bai Wa Wata

Gaisuwa mai ganga da algaita zuwa ga mutanen Ƙofar Jatau baki ɗaya! Malamai da 'yan kasuwa, masu ɗinkin hula da masu aikin ofis, masu leƙe ta katanga da masu kasa kunne a bayan labule, har da ragon surukata Iya wanda ya tunkuye ni ranar da na fara zuwa zance, kowa ya karɓi tasa. Ni ne dai Zailani mai gurmi na Ƙofar Gayan, wanda in ya taɓa tsirkiya kurciya ke yin shiru ta ɗauki darasi. Na gaishe ku a dunƙule ne don nasan takardar nan sai ta zaga gidan surukina Baba Malam ɗaki ɗaki kafin ta isa hannun mai ita. To ku karanta, ku yi dariyarku ta ishe ku, amma don Allah ku miƙa mata.

Radiyata. Matata, fitilar ɗakina, ruwan farko bayan zafin bazara, ƙamshin ƙasar da ke tashi bayansa, inuwar rimi da tsakar rana, sanyin ruwan randa a maƙoshin wanda ya dawo daga kasuwa a ƙafa! Yau kwana shida kenan da kika tattara kika koma gidanku. Kwana shida! Kin toshe lambata. Na kira da wayar Garba mai kalangu, kina jin na ce salamu kika kashe, ko alaikum ɗin baki bari na ƙarasa ba. Shi yasa kika ganni da biro, ni da rabona da rubutu tun aji huɗu na firamare. In kin ga harafi ya karkace ki tallabe shi, mai shi ma a karkace yake.

Bari in faɗi laifina da bakina, don masu karatu su daina ƙara masa gishiri.

Kinsan sati biyu na yi ina cika baki a kan bikin makaɗan gargajiya na daminar nan, wanda aka buɗe ranar Asabar a filin ƙwallon bayan Tudun Jukun. Na gaya wa 'yan majalisarmu masu gogen Katsina za su zo su koma da gogensu a jaka. Na ce ko murfin tukunya aka nuna min zan yi masa waƙa kafin a ƙifta ido. Ke kuma na matsa miki sai kin zo, don shekara huɗu muna tare baki taɓa ganina a gaban taro ba. Kika ce kunya kike ji. Na roƙa, na roƙa, har na wanke miki tukwane, sannan kika yarda. Kika zo da ƙawayenki Hassana da Ibtisam, kin yafa gyalen nan ruwan ɗorawa, kuka zauna a layi na uku a rumfar mata. Tun daga kan dandamali na hango ki kamar furen kabewa a tsakiyar ganye.

Wane irin taro ne ba a yi ba ranar! Masu garaya sun yi, Fulani masu sarewa sun yi, matan shantu sun yi har wata tsohuwa ta manta da ciwon gwiwarta. Ruwan safe ya sa fatun ganguna sun saki, makaɗa sun yi layi a murhun mai awara suna gasa su, tana ta yi musu tsiya. Ana la'asar sakaliya aka kira sunana. Na hau, na gyara hula, na yi waƙata ta farko, fili ya ɗauka. Sai Inuwa sanƙira ya matso kunnena ya ce yanzu yanzu in wasa Hajiya Jamilatu uwar taro, wadda ta kawo rumfuna da kujeru, don tana shirin tashi.

Radiya, wallahi kaina ya zama kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife. Ni mai waƙar murfin tukunya! Ga lasifika a bakina, ga mutane kamar an zubo su, ga Inuwa yana zungurina da gwiwar hannu, ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Sai yatsuna suka kama hanyar da suka fi sani, suka shiga kiɗan nan naki. Bakina ya bi su. Da na iso inda sunanki yake, sai na sa na Hajiya.

Kin tuna inda aka haifi waƙar? Zauren gidanku, wata damina kamar wannan, ruwa ya tsare ni bayan la'asar. Baba Malam baya yarda da kiɗa a gidansa, ni kuma na ɓoyo gurmi a cikin babbar riga. Baba Malam ka yafe, yau ka ji. Ruwa na dukan kwano kamar ana sussuka, sai na fake da ƙararsa na taɓa tsirkiya a hankali, kina zaune a bakin tabarma kina wasa da zoben hannunki. In ruwa ya tsananta in ɗaga murya, in ya sassauta in yi ƙasa. 'Yar tsuntsuwa ta sauka reshena, iska bi a sannu, Radiya ce. Ruwa na ɗaukewa na yi tsit, sai ɗigar indararo. Baki kalle ni ba, ƙasa kike kallo, kika ce, wannan tawa ce ni kaɗai ko? Na ce har abada. Na ce ko Sarkin Makka ya aiko jirgi bazai ji ta ba.

Ita na ɗauka na shimfiɗa a filin ƙwallo.

Mutane suka tashi tsaye, ana guɗa, Hajiya na murmushi tana gyara mayafi. Ni kuwa gyale ruwan ɗorawa kawai nake gani ya miƙe, ya bi ta bayan kujeru, Hassana da Ibtisam na binsa. Daga baya Hassana ta tare ni a hanya ta gaya min abin da ya ƙarasa ni. Wai ina fara kiɗan kika damƙe hannunta, kika ce musu su saurara, wannan taki ce, tun kafin aure. Kina faɗa kina rufe fuska don murna. Sannan suka ji sunan.

Nasan ba kishi bane, kada kowa ya raina miki hankali da wannan. Hajiyar nan ta yi jika da ke. Abin da ke ranki shi ne abu ɗaya tak muka mallaka wanda ba na gado bane, ba na aro ba, ba wanda dangi suka sa baki a ciki, na ba da shi don kada a ce Zailani ya kasa. Na zaɓi kunyarki a kan tawa. Ga shi na rubuta, kuma hannuna bai so ba.

Yanzu waƙar ta shiga gari. Wani ya ɗauka a waya, masu keke napep na sawa, jiya mai shayin bakin layinmu yana firfita shayi yana rera ta, ya ma ɓata amshin. Da a da ne, ai da Ƙofar Gayan ta yi min kaɗan, sai an faɗaɗa lungu kafin in wuce. Yanzu in na ji ta sai in ji kamar na tarar da zanin gadonmu a rataye a kasuwa kowa na taɓawa yana tambayar yadi.

Gidan kuwa me zan ce miki? Ramar da kika shuka a tsohon bokiti ta yi tsawo, kullum tana kallon ƙofa, ni ma haka. Hadari ya haɗo daga wajen Kufena, iska ta kaɗa labulenki, sai in ɗaga kai in ce ga ta nan. Ina ke? Na zauna aikin wuyan rigar Alhaji Yari, na ɗinka zanen aska, ɗaya tana kallon gabas ɗaya tana kallon yamma, sai da na kwana biyu ina warwarewa. Wa zan yi wa ƙarya yanzu ya ce min kai dai Allah ya shirye ka? Wa zai yi dariyar nan da kike dannewa har kafaɗarki na rawa? Kin ga yadda ganuwa ke zaizayewa duk damina, ba a jin faɗuwarta, sai dai a wayi gari a ga ta rage tsawo? Haka mijinki yake. Garba ya ce na rame. Na ce motsa jiki nake, ya ce wane irin motsa jiki ne ake yi da jan ido.

Sai da na kwana biyu sannan na iya buɗe jakar gurmin da na jefar a ɗaki daren bikin kafin ki fita, kuma a nan na ga aikinki. Baki fasa ƙoƙon ba, baki tsinka tsirkiya ba. Jakin kawai kika zare, ɗan itacen nan da tsirkiya ke hawa kansa, wanda bai kai ɗan yatsa ba. In babu shi gurmi ƙwarya ce da sanda. Na yi dariya, sannan na zauna a ƙasa. A duk Zazzau wace mace ce ta san inda muryar mijinta take in ba ke ba?

Kinsan zan iya feƙe wani kafin ruwan shayi ya tafasa. Garba ma ya kawo min guda biyu, na mayar masa. Ranar Asabar mai zuwa za a rufe bikin, Inuwa ya yi sawu uku wai jama'a waƙar Hajiya suke jira. Na ce ya goge sunana. Waccan waƙar bazan ƙara rera ta ba ko a filin ƙwallo ko a banɗaki, na ɓata ta, bazan iya wanke ta ba. Amma akwai wata tana motsi a ƙirjina tun ranar Talata, na kasa jin ta sosai don ba abin da zan ɗora ta a kai. Ba ta lasifika bace. Kunne biyu kawai aka yi ta dominsu, in sun ƙi ji ta mutu a cikina.

Bance ki dawo gobe ba. Ki yi fushinki ya cika, kin cancanta, Iya ma ta ƙara miki da nata. Ni dai ina nan inda kika barni, naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a makara ina cika wa masu ɗauka baki cewa ban da nauyi.

Mijinki mai bakin da ya fi shi girma,
Zailani na Radiya.

Yayata Huseina ce ta kawo takardar nan, kuma na ce ta zauna wajen Iya kada ta taso hannu biyu. Ki aiko min da jakina, Radiya. In kuma kin riga kin jefa shi a murhu, ki ɗebo tokar ki ƙulle a takarda ki ba ta, in dai samu abin da hannunki ya taɓa.